Emrys Gethin da Rigimar Kabeji

Mu masu binciken tarihi akwai wata cuta da ke damunmu wadda likita bai san maganinta ba: mun fi sanin matattu a kan rayayyu. Ni da nake ba ku labarin nan, Desmond Pyle, na ƙarar da ƙuruciyata da gashin kaina wajen bin diddigin jakadun da suka zauna a Landan shekara ɗari huɗu da suka wuce. Na san wanda ciwon ƙafa ya hana barci a cikinsu, na san wanda ya ci amanar ubangidansa, na san dabarun da ake bi a sasanta sarakuna biyu da suka rantse ba za su ƙara gaisawa ba. Amma tsofaffi biyu da ƙofofin ofishinsu ke kallon juna a bene ɗaya, na fi shekara goma ina kai gwauro ina kai mari a tsakaninsu, ban iya sa ɗaya ya ce wa ɗaya ina kwana ba.

Ɗaya daga cikinsu shi ne malamina, Emrys Gethin. An haife shi a wani ƙauye a arewacin Wales, inda maza ke fasa dutsen da ake rufin gidaje da shi, su dawo gida da tari. Ubansa a ramin dutsen ya yi aiki har huhunsa ya gaza, uwarsa ita ke share coci. A duk layinsu Emrys kaɗai karatu ya ɗauke. Ya zo jami'armu a arewacin Ingila yana saurayi, da kwat guda da keke, bai kuwa ƙara zuwa ko'ina ba. Kwat ɗin ya sha faci a gwiwar hannu, keken kuma an taɓa sace shi, ɓarawon ya dawo da shi washegari ya jingine a inda ya ɗauka. Bai taɓa zama farfesa ba. Babban littafin da kowa ke jira ya rubuta, tun ina ɗalibi yake cewa yana tafe, har na yi sanƙo bai iso ba.

Aikinsa shi ne 'yan takardun nan masu arha da ake talla a titunan Landan a wancan zamani, kwabo ɗaya: waƙoƙin zambo, labarin wanda aka rataye, tsegumin fada, zagin baƙi. Su kansu masu sayen in sun gama karantawa naɗe kifi suke da su, ko su hura wuta. Emrys ya ɗauki wannan shara ya mai da ita rayuwarsa. A aji ba karanta waƙoƙin yake ba, rera su yake da muryar nan tasa ta coci, har malamin aji na kusa ya zo ya buga ƙofa. Yakan ce mana, "Ku rabu da wasiƙun sarakuna, duk ƙarya ce da kyakkyawan rubutu. In kuna son jin halin da ƙasa ke ciki, ku saurari abin da mai tallar albasa ke rerawa." Ni kuma da na tashi zaɓen fanni sai na zaɓi wasiƙun sarakunan. Ya yafe mini, amma duk shekara sai ya tuna mini cewa ya yafe.

Ɗayar ita ce Farfesa Maud Ellerby. Ubanta ma'aikacin harkokin waje ne, a ofisoshin jakadanci ta tashi. Ta iya harsuna biyar, kuma a cikin kowanne tana iya sa mutum ya ji kamar bai taɓa shiga aji ba. A wurinta ba abin da ke faruwa a duniya sai wani ya biya an yi shi. Da wuya a samu mutum biyu da suka sha bamban kamar ita da Emrys, amma shekara da shekaru butar shayinsu ɗaya ce, ranar Juma'a kuma tare suke cin soyayyen kifi da dankali a kan benci suna gardama har abincin ya huce. Lokacin da Nerys matar Emrys ta rasu, Maud ce ta ɗauke masa azuzuwansa na zangon gaba ɗaya ba wanda ya roƙe ta. Kullum kuma sai ta kai masa miya gida, ita da ko ƙwai ba ta iya dafawa ba. Emrys ya shanye miyar nan tas bai taɓa cewa uffan ba. Ni na taɓa ɗanɗana ta sau ɗaya, shi ya sa na san ba ƙaramar ƙauna ce a tsakaninsu ba.

Abin da ya raba su kabeji ne.

Akwai wata 'yar ƙasida mai shafi takwas, ba sunan marubuci, mu a tsakaninmu takardar kabeji muke ce mata. Labarin wani jakadan Sifen take bayarwa, wai keken dokinsa ya kafe a taɓo kusa da kasuwa, matan kasuwa suka yi masa ruwan ruɓaɓɓen kabeji. Har da zanensa a bango, da ganye a ka maimakon hula. Jakadan ya kai ƙara fada, saura ƙiris wata yarjejeniya ta wargaje. Tambayar da ta hana mu sakat, mu ɗin nan da abin ya dama a duk duniya ba mu cika ƙaramar bas ba, ita ce: wa ya sa aka buga ta? Maud ta ce jakadan Holan ne, abokin gabar wancan, ya bi ta bayan gida ya sayi mai maɗaba'a. Emrys ya ce ina! Talakan Landan ba ya bukatar wani baƙo mai gashin jimina a hula ya koya masa zagi. In ka saurare shi da kyau sai ka ji ba matan kasuwa kaɗai yake karewa ba, har da ubansa da duk mutanen ramin dutse.

Gardamar ta daɗe a kan benci ana yi ana dariya, sai Maud ta fitar da littafinta. A sana'armu ba a zagin mutum a tsakiyar shafi, wannan rashin tarbiyya ne. A ƙasan shafi ake yi, cikin ƙananan haruffan nan da ba mai karantawa sai wanda aka yi dominsa. Nan ta rubuta cewa akwai wasu abokan aiki da ke karanta tarihi da zuciya maimakon ido. Ba ta kama suna ba, ba ta kuwa bukata. Emrys ya bari shekara ta zagayo, don mu ba ma gaggawa, sannan ya mayar a ƙasan shafin wata mujalla cewa wanda ya tashi ana buɗe masa ƙofa ba zai taɓa yarda talaka na da bakin kansa ba. Shi ke nan, allura ta tono garma. Daga ranar gaisuwa ta yanke. Shi ya koma hawa ta matakalar baya, ita ta gaba, kowa kuma ya sayi butarsa.

Nan fa na ce a raina, kai Desmond, ga ranarka. Mutumin da ya haddace yarjejeniyoyin Turai kaf, wannan ɗan saɓani ai abin rabin yini ne. Na naɗa kaina jakada, ba wanda ya aike ni.

Sai in shiga wajen Emrys in ce, "Malam, Farfesa ta tambayi lafiyarka."

"Da wane bakin? Faɗi yadda ta faɗa, yaro."

Ina da 'ya'ya a jami'a a lokacin, amma yaro nake a wurinsa. Na ce, "To, cewa ta yi, wai har yanzu tsohon nan yana nan?"

"Ka gaya mata yana nan daram, sai ya ga littafinta a kwandon gwanjo."

Sai in tsallaka wajen Maud in gyara murya. "Farfesa, Malam Emrys yana gaida ki, ya ce yana bibiyar yadda littafinki ke tafiya a kasuwa."

Ta dube ni ta saman tabarau. "Desmond, tun kafin a yaye ka nake karanta jakadu suna shirga ƙarya. Kai a cikinsu ko ɗan riƙe doki ba ka kai ba. Ja mini ƙofa."

A hankali na gane inda gizo ke saƙa. Su biyun sun gaji da faɗan, ana gani a fuskarsu. Amma dukkansu sun karanta littattafan da na karanta, sun san ƙa'idar jakadu cewa wanda ya fara taka ƙafa ya je wurin ɗan'uwansa, shi ya miƙa wuya. Sai na tuna yadda ake yi a da in sarakuna biyu suka ƙi zuwa wurin juna: a gina zaure a kan iyaka mai ƙofa biyu, kowa ya shigo ta tasa a lokaci guda. Na bazama cikin gari har na samo wani shagon shayi mai ƙofar gaba da ta baya. Zango guda muka yi ana daidaita sharuɗɗa ta bakina, wa zai fuskanci taga, wa zai fara zama, kuma an amince ba za a ambaci kabeji ba ko a cikin abinci.

Ranar ta zo. Maud ta tsaya a ƙofar gaba da lemarta, Emrys a ta baya da kekensa, ni a tsakiyar shagon. Na ɗaga wa Maud hannu, na juya na danna ƙarfen ƙofar baya don in buɗe wa Malam. Ashe ƙofar gudun gobara ce. Ƙararrawa ta tashi kamar za ta tsage rufin. Aka kora kowa waje cikin ruwan sama, tsofaffi da kofuna a hannu, motar kashe gobara ta iso da jiniyarta. Mai shagon ta wanke ni tas a gaban jama'a. Su kuwa sarakunan nawa, ɗaya a wancan kan layi ɗaya a wannan, kowa ya tsaya yana kallon sama kamar ba shi aka zo dominsa ba.

Washegari Emrys ya ce, "Yaro, a wane littafi ka karanto wannan dabara?"

Na ce, "A na Farfesa, Malam."

Ya ce, "Na ga alama."

Haka muka ci gaba har ya yi ritaya. Ba a daɗe ba, wata safiya yana jiran bas, jini ya buge shi ya faɗi. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likita ya ce kalmomin suna nan a kansa, hanyar fitowa ce ta toshe, tana iya buɗewa tana iya ƙi. Mutumin da duk arzikinsa murya ce, ga shi kwance yana kallon silin. Nakan je da yamma da inabi a leda, in zauna in yi ta surutu ni kaɗai, in cinye inabin in tafi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk lokacin da aka ji takun takalmin mace a baranda sai ya juya ido wajen ƙofa, in ya ga ma'aikaciyar jinya ce ya mayar da kai. Tsoro ya kama ni sosai. Na ga mutumin nan zai tafi kabari ba su sake magana da Maud ba, a kan ganyen kabejin da ya ruɓe tun kafin a haifi kakannin kakanninmu.

Na je ofishinta, wannan karon ba kwana-kwana.

"Farfesa, don Allah ki je. Ba ya magana, amma ƙofa yake kallo."

Ta daɗe tana jera takardun da suke a jere. Sannan ta ce, "Ka san me zai gani in na shiga? Tsohuwa ta zo da fure ta ji tausayinsa. Emrys ya gwammace a binne shi da rai. Na san shi tun ba ka san hagu da dama ba."

"To in ya mutu fa?"

"Fita, Desmond."

Na fita. Abin haushin kuma gaskiya ta faɗa, don na san Malam, in ya ga tausayi a idonta bango zai juya wa fuska.

Sai na yanke shawarar in tumɓuke rigimar daga saiwa. Tunda kabeji ya raba su, bari in warware maganar kabeji kowa ya huta. Na shiga ɗakin karatu na yi watanni, na bi wasiƙun jakadu na bi waƙoƙin kasuwa, na fito da maƙala wadda na tabbata ita ce mafi kyawun abin da na taɓa rubutawa. Ga abin da na gano: dukkansu suna da gaskiya. Mai yiwuwa jakadan Holan ya ɗan taimaka, mai yiwuwa kuma matan kasuwa dama suna da niyya. Kowa na ba shi rabinsa, na auna kamar mai rabon gado, ban bar wani da abin ƙorafi ba.

Na gabatar da ita a taron ƙara wa juna sani na ranar Laraba. Al'adar taron ita ce in mai jawabi ya gama, babba a ɗakin shi ke fara magana, ya ce, "Ba tambaya ba ce, ɗan tsokaci ne," sannan ya feɗe ka daga kai har ƙafa cikin ladabi, a tashi a ci biskit. Na gama, kowa ya juya wajen Maud. Ba ta yi tsokaci ba. Ta miƙe, ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni kwafi ɗaya." Ta saka a jaka ta fita, ko biskit ba ta ɗauka ba. Na ce a raina, abin ya ratsa ta har ta kasa magana. Na isa gida ina tafiya kamar ƙasa ba ta isa in taka ta ba, na ce wa matata, "Yau mijinki ya kashe wutar da ta gagari kowa." Ta ce, "Madalla. Fitar da shara, gobe masu kwasa za su zo."

Washegari da yamma na nufi asibiti da inabina. Tun daga baranda na jiyo wata murya da na sani tana tashi daga ɗakin Malam. Na leƙa. Maud ce tsaye a kan gadonsa, ko rigar ruwanta ba ta cire ba, ba fure ba gaisuwa, maƙalata a hannunta tana karkaɗa ta a gaban hancinsa.

"A'a, Emrys, sai ka ji da kunnenka, ba zan ɗauki wannan ni kaɗai ba. Saurara. 'Ana iya cewa, ta wata fuskar, kowane ɓangare yana da nasa kason na gaskiya.' Ka ji? Kason gaskiya! Sai ka ce naman layya."

Idon Malam ya buɗe tangararan. Hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya fara bubbuga katifa.

"Tsaya, da saura. 'Watakila tambayar da ta fi dacewa ba ita ce wa ya buga takardar ba.' To wace ce? Mun yi rabin rayuwarmu a kan tambayar, shi ya zo ya ce ba ita ba ce!"

Bakin Malam ya karkace, leɓɓansa suka shiga kokawa, wuyansa ya ɗaure. Na yi zaton wani bugun ne ya dawo, har na juya zan kira likita. Sai na ji wani sauti ya fito, a shaƙe, a karye, amma ba mai shakkar abin da aka ce.

"Shir... me."

Kalmarsa ta farko ke nan tun da ya faɗi, kuma a kan aikina ta sauka.

Maud ta tsaya cak. Na ga haɓarta ta motsa, ta yi sauri ta gyara tabarau. Ta ce, "Shirme kai. Kuma ɗalibinka ne, kai ka koyar da shi." Malam ya ɗaga yatsa ya nuna ta. Ta ce, "Ni? Ni karatun tsohon rubutu kawai na koya masa, ban koya masa tsoro ba." Ta jawo kujera, ta cire rigar ruwan ta rataya, ta buɗe wani shafi. "Ko da yake a nan ya ɗan yi hankali, ya yarda jakada ne ya sa aka buga."

"Ƙar... ya!"

"To kawo hujja, ɗan taurin kai. Ina nan, ba inda za ni."

Sai a lokacin ta lura da ni a bakin ƙofa, da ledar inabi a hannu. Ta ce, "Au, ga marubucin. Me ka tsaya yi? Je ka samo mana shayi, ka zo da jan biro." Malam ya dube ni, rabin fuskarsa mai motsi tana dariya. Ɗaya hannun nata kuwa yana kan hannunsa da ya shanye, ban san ko ta san ta ɗora ba.

Na fita baranda na tsaya gaban injin shayi ina kuka, ƙato da ni da sanƙo. Murna ce, ba na musu, murnar da ban taɓa jin irinta ba. Amma in na ce ba ruwan maƙalata a cikin hawayen nan, na yi ƙarya. Shekaru na yi ina lallashi, ina tausasa kalma, ina auna ƙofofi, ashe abin da suke bukata kawai shi ne wani sakarai da za su haɗu su zaga.

Daga ranar kullum da yamma tana can. Suka bi maƙalar nan shafi-shafi, ita da jan biro shi da bugun katifa, ba su bar layi ɗaya da rai ba. Da suka gama da ni suka koma kan juna. Maganarsa ba ta dawo duka ba, amma a'a da ƙarya da shirme sun dawo lafiya lau, kuma Maud ta ce dama su ne kawai yake amfani da su. An mai da shi gidan jinya, ta bi shi can, bas biyu take hawa. Ba wanda ya ba wani haƙuri, ba kuma wanda ya sauka daga ra'ayinsa ko da taki ɗaya.

Ya rasu da shigowar bazara. Aka kai shi ƙauyensu aka binne shi kusa da Nerys, tsofaffin ramin dutse suka yi masa waƙar coci da harshensu. Maud ta tsaya ƙyam har aka gama, ba hawaye. Muna saukowa daga tudun maƙabartar ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba, na ji nauyinta duka ya dawo kaina.

Ta ce, "Ka ga mutumin nan, Desmond? Ya tafi bai kawo hujja ba." Ta ƙara damƙe hannuna. "Yanzu da wa zan yi?"